Caca a Kan Gasar Sarauniyar Kyau

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga unguwar Ƙofar Sauri a birnin Katsina, daga wani bawan Allah da ya roƙi a sakaya sunansa. Yana tambaya, shin zuba kuɗi a kan wadda za ta cinye gasar sarauniyar kyau ta duniya caca ce?

Malam, mun gode. Caca ce. Kamfanonin caca, musamman na Ingila inda aka fara gasar a 1951, sukan yanka wa kowace budurwa farashi gwargwadon zaton da ake yi mata na nasara, alhali hukuncin yana hannun alƙalai 'yan ƙalilan, kuma sukan tsara lissafin da nufin su samu riba, ko wace ce ta ci. Wannan shi ne maisir, wanda Alƙur'ani mai girma ya haramta a Suratul Ma'ida, ya jera shi tare da giya.

Gasar kuwa ba baƙuwarmu ba ce, domin a 2002, sa'ad da aka shirya yin ta a Abuja, waɗansu 'yan takara suka ƙaurace saboda shari'ar wata mata, Amina Lawal, ta nan jihar Katsina, sannan fitina ta tashi a Kaduna kan batun gasar, aka yi asarar rayuka masu yawa, har aka mayar da bikin Landan.

Tunda dai caca haramun ce, Malam, don Allah ka tsare dukiyarka daga wannan caca.