DARASI: Ɗan Haya Ya Ƙi Biya, Wa Zai Ɗauki Kuɗin Shari'a?

'Yan'uwa, ƙungiyoyinmu da yawa suna da sito ko shago ko ɗakin injin niƙa da suke ba da haya. In ɗan haya ya tara bashi, akan ji wani a taro ya ce, "Mu kai shi kotu, ai shi zai biya kome." Wannan magana rabinta ne gaskiya.

Kuɗin shari'a iri biyu ne. Na fari shi ne wanda ake biya a kotu: kuɗin shigar da ƙara, da na sammaci, da na ma'aikacin kotu mai kai takarda. Bisa ga al'adar kotunan Nijeriya, wanda ya yi nasara akan sa abokin shari'arsa ya mayar masa da irin wannan. Amma alƙali ne yake yanke adadin, sau da yawa kuwa ba ya kai abin da aka kashe. Kuɗin mota da ranakun da ma'aji ya bar gonarsa a tsakiyar damina, kada ku sa rai a kansu.

Na biyu shi ne ladan lauya, nan ne kuma wahalar take. A shekarar 2000, cikin shari'ar kamfanin Guinness da Nwoke, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce bai dace mutum ya ɗora wa abokin shari'arsa ladan lauyansa ba. Daga baya waɗansu hukunce-hukunce sun yarda a biya, in mai ƙara ya roƙa a cikin takardar ƙararsa tun farko, ya kuma kawo shaida. Saboda haka ku karɓi rasit a kan kowace naira, har daga hannun lauya. Ku kuma rubuta cikin yarjejeniyar haya cewa in aka je kotu saboda bashi, ɗan haya zai ɗauki kuɗin. Wannan ba ya ɗaure hannun alƙali, amma ya fi maganar baki nesa ba kusa ba.

Mu yi lissafi. A ce bashin N120,000 ne. Lauya ya karɓi N70,000, kotu N10,000, zirga-zirga N25,000. Kun yi nasara, alƙali ya ba ku bashin duka da N20,000 na kuɗin ƙara. Kun kashe N105,000, kun karɓi N140,000. Abin da ya shiga asusu N35,000 ne kaɗai. Wannan ma sai in mutumin yana da abin biya. In ya ƙi, sai a sāke biya domin ma'aikatan kotu su kama kayansa su yi gwanjo.

Kada fushi ya sa ku cire ƙofa ko kwano, ko ku zubar da kayansa waje. Doka ta hana, sai ƙarar ta juyo kanku. In babu wata yarjejeniya dabam, dokar karɓar gida takan ba mai hayar wata notis na wata ɗaya, mai hayar shekara wata shida, sa'an nan notis na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Kuskure a wannan takarda yana iya rushe ƙara, kuɗin ya tafi a banza. Bashi kaɗai kuke nema? Ku tambaya ko akwai kotun ƙananan basussuka a jiharku. Legas ta buɗe tata a 2018, Kano a 2019, mutum yana iya tsayawa a can ba lauya.

In ɗan hayan memba ne na ƙungiya mai rajista, dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta tanadi a kai gardamar da ta shafi aikin ƙungiya wurin Daraktan ƙungiyoyin domin a raba. Ku fara zuwa ofishinsu.

Kafin wannan duka, ku karanta Matta 18:15-17 da 1 Korantiyawa 6:1-8 tare. A ganina, bin wannan hanya ba ya nufin a yafe kuɗin da gwauraye da matasa suka tara. Sakatare ya je shi kaɗai tukuna. In bai yiwu ba, a koma da dattawa biyu, ko mai unguwa in ɗan hayan ba na ekklesiya ba ne. A bincika: ƙi ya yi, ko rashi ne? In rashi ne, a raba masa bashin kashi-kashi zuwa kaka, ko a karɓi hatsi bisa farashin kasuwar ranar. A rubuta, ya sa hannu gaban shaidu biyu. In ya saɓa, wannan takarda ita ce za ku fara miƙa wa alƙali.