Yayana na New Bell ya daina magana

Tambaya: Yayana yana tsare a kurkukun New Bell, Duwala. Ya rame, ba ya barci, amma kullum sai ya ce "lafiya lau". Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan "lafiya lau" ta maza ce. Gidan a cunkushe yake, da yawan fursunonin shari'a suke jira, kuma wanda ya zubar da hawaye sai a raina shi. Kada ki miƙa kwanon abinci ki juya. Zauna, ba shi labarin 'ya'yansa, ki nemi shawararsa kan harkar gida, ya san har yanzu shi ne babba. Ki matsa wa lauya kan ranar zaman kotu. In ya fara ambaton mutuwa, sanar da likitan gidan a ranar.