Amsoshin Tambayoyinku: Fatalwar Japan da Dodon Amurka

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya: me ya bambanta finafinan ban tsoro na Japan da na Turawa?

To malam, a na Amurka galibi abokin gaba a fili yake. A Halloween na 1978 mutum ne riƙe da wuƙa, a The Exorcist na 1973 kuma shaiɗan ne da limaman coci suka tunkara. Japanawa kuwa fatalwar wanda aka zalunta suke kawowa. Dubi Ringu na Hideo Nakata, 1998: Sadako da aka jefa rijiya tana rarrafowa daga cikin talabijin, sanye da farar riga, gashi ya rufe fuskarta. Ba ta kasuwa, ba ta lallasuwa. Mafita ɗaya ce, ka kwafi kaset ɗin bidiyon da ke ɗauke da tsinuwarta ka nuna wa wani. Ni dai wannan ya fi tayar mini da tsikar jiki.