NAMUN DAJI DA HANYOYINSU
Darasi Domin Hakimai da Malamansu a Ƙasar Kura da Bunkure

1. Abin da dabba ke bukata

Kowace dabba ta daji tana bukatar abinci, da ruwa, da maɓoya, da abokin barbara. Ba safai ake samun waɗannan huɗu a wuri guda shekara zagaye ba. Da damina ciyawa tana tudu, da rani kuwa sai bakin rafi da fadama. Saboda haka lalle ne dabba ta yi tafiya. In aka keɓe mata daji, kana aka toshe hanyar da take bi ta fita, an ɗaure ta ke nan ba da igiya ba. Garken da aka tsare haka ba ya samun sabon jini daga waje, 'ya'yansa su riƙa raunana, in kuwa fari ko gobara ta auka masa, ba inda waɗansu za su fito su maye gurbi.

2. Misali daga nesa

A kudancin ƙasar Ajantina akwai wani busasshen fili da a ke kira Patagoniya. Can akwai wata dabba, gwanako, dangin raƙumi ce, amma ba ta da tozo, ba ta kuma kai shi girma ba. Garkunanta kan yi ƙaura tsakanin makiyayar rani da ta hunturu. Da Turawa suka kai tumaki ƙasar wajen ƙarshen ƙarni na 19, sai suka yanka filin da shingen waya. Manya kan tsallake, ƙanana kuwa su maƙale su mutu. Adadinta ya ragu ƙwarai, har a 2024, a taron da aka yi a Samarkand, ƙasashe suka sa ta cikin jerin dabbobi masu ƙaura waɗanda ya wajaba a haɗa kai a kiyaye hanyoyinsu.

3. Misali daga kusa

A ƙasar Nijar, wajen Kure, gabas da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har suka koma kamar 50 a 1996. Su ma masu ƙaura ne: damina a kan tudu, rani a cikin kwarin Dallol Bosso, inda gawo ke da ganye. Da hukuma da talakawa suka hana farautarsu, aka bar su suna ratsa gonaki, sai suka haura 600. A 2018 har aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi.

4. Yadda abin yake a nan

An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ita ke shayar da gonakin rani na Kura, da Bunkure, da Garun Malam. Albarkar aikin a fili take: shinkafa, alkama, tumatir, albasa. Amma ƙasar da dā a kan bari ta huta da rani yanzu tana ƙarƙashin noma shekara zagaye, magudanun ruwa kuma sun yayyanka ta. Babban dajin da ya saura shi ne Falgore, can kudu da tafkin Tiga, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa da sunan Kogin Kano. Shi ma hanyar mota ta Kano zuwa Jos ta ratsa shi.

Abin da ya rage a Kura da Bunkure ƙananan namu ne, watau zomo, dila, tunku, bushiya, damo da zabin daji. Kada a raina su, gama tunku da dila suna cin ɓera da gafiya masu ɓarna a gonar shinkafa. Hanyoyinsu kuwa uku ne: burtali, da gaɓar rafi, da shingen itatuwa na iyakar gona. Burtalin da shanu ke bi da rana, shi namun daji ke bi da dare. Wanda ya nome burtali ya jawo rigima da makiyaya, ya kuma yanke hanyar dabba, ɓarna biyu da fartanya ɗaya.

5. Aikin hakimi

Ya kamata hakimi ya zaga da dagatai, da arɗo, da sarkin baka kafin shuka, su duba kowane burtali da mashaya. Inda gona ta ci, a mayar da iyaka tun ba a zuba iri ba, gama bayan tsiro magana takan yi wuya. Kada ya sa hannu a kan cinikin filin da ya haɗa da burtali. Ya hori manoma su bar ɗan sarari a gaɓar rafi ba noma, su kuma daina cinna wa daji wuta domin farautar gafiya. Inda babbar magudana ta yanke hanya, ya nemi Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are ta duba batun kadarko.

6. Aikin malami

Malamin hakimi ya buɗe littafi musamman. Ya rubuta sunan kowane burtali, inda ya taso, inda ya nufa, da faɗinsa a taki, da sunayen shaidu. Ya ƙara da irin namun da mafarauta suka gani, da watan da suka gan su. Dattawan da suka san tsofaffin iyakoki suna ƙarewa, iyakar da ba a rubuta ba kuwa takan bi mai ita kabari. Saboda haka a fara wannan aiki a ranin bana.