Gwara ta Biyar

Karatu: Matiyu 6:25-34, Luka 12:6-7, 22-24
Ayar haddacewa: Matiyu 6:26

Bazara lokaci ne mai wuya a ƙasarmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Sakkwato, Kano da Maiduguri. Kududdufai sun ƙafe, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin hatsi yana hawa, ga kuɗin makaranta, ga batun taki. A irin wannan lokaci damuwa takan shiga gidan mai bi, ta hana shi barci. Maganin da Yesu ya bayar abu ne mai sauƙi: ya ce mu dubi tsuntsaye. Umarni ne, kuma za ku iya cika shi a tsakar gidanku.

Ku samu kasko marar zurfi, ku zuba ruwa kamar tsawon gaɓar yatsa, ku sa dutse a tsakiya domin ƙanana su samu wurin tsayawa. Ku ajiye shi a inuwa, inda kyanwa ba za ta samu maɓoya kusa ba. Tsuntsu ba ya gumi. Shi ya sa kuke ganinsa da rana tsaka baki buɗe yana haki. Ta haka yake rage zafin jiki, ruwa kuma yana fita daga jikinsa. A bazara ruwa ya fi masa hatsi muhimmanci. Ku riƙa zubar da ruwan kowace rana kuna wanke kaskon, gama ruwan da ya kwana da yawa gidan sauro ne. Tafi ɗaya na gero ko tsakin dawa ya isa. Kada ku ba su abinci mai gishiri ko wanda ya yi fumfuna. Sai ku zauna shiru da sassafe. Kurciya za ta zo, gwara da marai za su zo, wataƙila har da hasbiya. Ga abin da za su koya muku.

Na fari, Allah bai manta da ku ba. A Matiyu 10:29 ana sayar da gwara biyu a kan ɗan ƙaramin kuɗi guda. A Luka 12:6 kuwa ana sayar da biyar a kan biyu. Ku yi lissafi: kuɗi biyu ya kamata su sayi huɗu. Ta biyar ɗin gyara ce, irin wadda mai awo yake ƙara wa mai saye. A kasuwa ba ta da farashi, amma Yesu ya ce ko ita Allah bai manta da ita ba. Gwauruwa, maraya, saurayin da ya gama makaranta shekara da shekaru babu aiki: in duniya ta ɗauke ku gyara, Ubanku na Sama ya saye ku da jinin Ɗansa.

Na biyu, dogara ga Allah ba zaman banza ba ne. Tsuntsaye ba su shuka, ba su da rumbu, amma ba za ku taɓa ganin kurciya ta wuni a sheƙa tana jira ba. Tun asuba ta fita kiwo. Abin da ba ta yi shi ne fargabar gobe. Hausawa sun ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, sun kuma ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Duka biyun gaskiya ne. Ku yi sharar gona, ku buɗe shago, ku nemi aiki, amma damuwar ku miƙa ta ga Ubangiji cikin addu'a.

Na uku, Allah yana da hanyoyin da ba ku zata ba. A Firistoci 11 an lissafta hankaka cikin tsuntsaye marasa tsarki. Duk da haka, a lokacin fari shi ne Allah ya aika wa annabi Iliya a rafin Kerit, da gurasa da nama, safe da yamma (1 Sarakuna 17). Kada ku tsara wa Allah ƙofar da taimako zai shigo, kada kuma ku raina wanda ya aiko.

Na huɗu, ku san lokaci. Shamuwa takan taso daga kudancin Afirka ta iso garuruwanmu gab da damina, manomi kuwa da ya gan ta ya san ruwa ya kusa. A Irmiya 8:7 Ubangiji ya yi kuka cewa shamuwa da kurciya da tsattsewa sun san lokacinsu, amma mutanensa ba su san shari'arsa ba. In Ruhu Mai Tsarki yana kiranku ga tuba, ko ga sulhu da ɗan'uwa, yau ce ranar. Kada tsuntsu ya fi ku biyayya.

Iyaye, ku zauna da 'ya'yanku a gaban kaskon nan. Yaron da ya saba da danƙo yana harbi don wasa kawai, ku nuna masa Maimaitawar Shari'a 22:6-7, inda Allah ya hana a kama uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta. Kada kuma jinƙai ya tsaya kan tsuntsaye. Yesu ya ce mutum ya fi su daraja nesa. Wanda ya watsa wa kurciya gero, maƙwabcinsa kuwa ya kwana da yunwa, bai fahimci darasin ba. Mai yiwuwa kwanon hatsinku shi ne amsar addu'ar wani.

Tambayoyi don nazari
1. Wace damuwa ce kuke ɗauke da ita wadda ba ku miƙa wa Ubangiji ba?
2. Wa ke kusa da ku da Allah yake so ya ciyar ta hannunku a wannan mako?

Addu'a
Ya Uba, kai da kake ciyar da gwara da hankaka, ka gafarta mana rashin bangaskiyarmu. Ka tsauta wa ruhun tsoro a gidajenmu, ka sa albarka ga aikin hannuwanmu, ka ba mu abincin yau da zuciyar rabawa. A cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.