Martanin Maƙwabciyar Ƙasa ga Zaɓen Wata Ƙasa: Yaushe Ya Cancanci Shiga Kundin Sani?

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka kammala babban zaɓe a wata ƙasa, sai saƙonni su yi ta fitowa daga fadojin shugabanni, wannan na taya murna, wancan na nuna damuwa. Masu rubuta kundin sani na intanet kan tattara waɗannan kalamai su jera su ƙasa bayan ƙasa. Wannan maƙala ta nazarci ko maƙwabtaka kaɗai ta isa a ware wa irin wannan martani shafi nasa. Batun ya shafe mu, domin da yawa daga maƙalolin Wikipedia ta Hausa fassaro su ake yi daga Ingilishi, masu aikin kuma ba su da yawa. Abin da suka zaɓa suka fassara, shi ɗalibi zai tarar.

Ƙa'idojin Wikipedia ta Ingilishi sun buƙaci majiyoyi ingantattu masu zaman kansu su yi wa batu cikakken bayani. Idan kuwa aukuwa ce, sai an ga tasirinta ya ɗore bayan ƙura ta lafa. Da wannan ma'auni za a auna misalai biyu, duka daga shekarar 2016.

2.0 Kanada da Zaɓen Amurka

A daren 8 ga Nuwamba, yayin da nasarar Donald Trump ke bayyana, shafin intanet na ma'aikatar shige da fice ta Kanada ya tsaya cak saboda yawan masu leƙa shi. Washegari Firaminista Justin Trudeau ya aika da saƙon taya murna. Jaridu sun yi ta yayata labarin, amma bai sauya komai ba game da sakamakon ko miƙa mulki. Jimla biyu a cikin maƙalar zaɓen sun wadatar.

Ana iya cewa ai a 2017 masu neman mafaka sun yi ta tsallakawa Kanada ta hanyar Roxham. Haka ne, sai dai wannan ya fi alaƙa da manufofin sabuwar gwamnatin Amurka, kuma muhallinsa maƙalar ƙaura ce.

3.0 Senegal da Zaɓen Gambiya

A ranar 1 ga Disamba Adama Barrow ya kayar da Yahya Jammeh, wanda ke mulki tun 1994. Jammeh ya amince da shan kaye, sannan a ranar 9 ga wata ya lashe amansa. Senegal, wadda ta kewaye Gambiya ta kowace fuska ban da gaɓar teku, ta yi tir da wannan nan take. Ta kuma yi amfani da kujerarta ta wucin gadi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ta gabatar da daftarin da ya zama ƙuduri mai lamba 2337, wanda aka zartar a ranar 19 ga Janairun 2017. A wannan rana aka rantsar da Barrow a ofishin jakadancin Gambiya da ke Dakar, sojojin Senegal kuma suka tsallaka iyaka da sunan ECOWAS. Dubban 'yan Gambiya sun riga sun fake a Senegal. Ranar 21 ga wata Jammeh ya bar ƙasar, ya nufi gudun hijira a Ikwatoriyal Gini.

A nan ba za a iya ba da tarihin zaɓen ba tare da ambaton maƙwabciya ba: idan aka cire Senegal, ba a san yadda wanda ya ci ya hau kujera ba. Tushen abin ma daɗaɗɗe ne, tun daga tarayyar Senegambiya ta 1982 zuwa 1989 da rikicin Kasamans.

4.0 Tarkon Yawan Majiyoyi

Mai fassara da ya dogara ga ƙirga rahotanni na iya fifita misalin farko, saboda kafofin labaran Arewacin Amurka sun fi yawa, sun kuma fi sauƙin samu. A ganina wannan kuskure ne: rahoto ɗari da suka maimaita labari ɗaya cikin kwana biyu ba su kai nazari guda da aka rubuta bayan shekaru ba.

Ko a misalin Senegal ɗin ma, kalmar "martani" ta yi ƙaranci a matsayin take. Abin da ya kai ga ƙuduri da rantsuwa da shigar soja ya wuce martani. Kamata ya yi a rubuta shi a ƙarƙashin rikicin miƙa mulki na Gambiya, a kuma haɗa shi da maƙalar dangantakar ƙasashen biyu.