Daga ina jita-jitar sabbin wayoyin Apple ke fitowa?

Wani mai sauraronmu daga Ajingi a jihar Kano ya aiko yana tambaya: me ya sa kafin kamfanin Apple ya yi taron baje kolinsa, ake ta hasashen abin da zai fitar?

To malam, Apple kan ɓoye sabon kayansa sai ranar taro. A taron Macworld na San Francisco ne Steve Jobs ya fito da iPhone ta farko, ranar 9 ga Janairu, 2007. Yanzu sabuwar iPhone galibi a watan Satumba take fitowa.

Sai dai sirrin kan ɓulla daga masana'antun China da ke harhaɗa wayoyin, da masu ƙera rigar waya. A 2010 ma wani ma'aikacin kamfanin ya manta samfurin iPhone 4 a wata mashaya a California, shafin Gizmodo ya saye shi dala 5,000.

Hasashen kuwa wani ya dace, wani ya sha ƙasa. Hatta cajar AirPower da Apple da kansa ya sanar a 2017, soke ta ya yi a 2019. Don haka malam, kada ka sayar da wayarka sai ka ga sabuwar a kasuwar waya ta Farm Centre.